Wace Ce Ta Ainihi? Waƙar 'Yandoton Tsafe ta Ɗanƙwairo



Abin da ya jawo wannan jawabi gardama ce, gardamar ɗakin kwana, irin wadda takan tashi bayan lisha ta kai mutane har tsakar dare. Wani abokin karatunmu, mutumin Tsafe, ya kunna a wayarsa waƙar da Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu. Ba a yi nisa ba sai wani, mutumin Bunguɗu, ya ce wannan ba ita ce ta ainihi ba, ta ainihin tana wurinsa, kuma ta fi wannan tsawo. Aka kunna tasa. Ana cikin haka sai na uku ya ce duka biyun ragaggu ne, domin akwai wani ɗan waƙa da yake ji a kaset ɗin mahaifinsa tun yana firamare, wanda bai ji shi a ko ɗaya daga cikinsu ba. Aka ce ya kawo kaset ɗin. Ya ce ai yana cikin kayan da suka bari a ƙauye shekarar da suka taso babu shiri, ba wanda ya sake komawa. Daga nan gardamar ta yi sanyi, aka watse kowa yana riƙe da gaskiyarsa.

Mun daɗe muna juya wannan magana, har muka kai ga ganin cewa ita kanta tambayar ce take da gyara. Wanda ya ce a nuna masa waƙar ta ainihi, ya riga ya ɗauka cewa akwai wata rana guda da Ɗanƙwairo ya zauna ya ƙera waƙar ya gama, duk abin da aka ji daga baya kuwa ko dai maimaici ne ko ragi. Haka littafi yake, haka kuma waƙar fim take a yau, inda ake shiga ɗakin ɗaukar murya a fito da abu guda a raba wa duniya. Waƙar fada ba haka aka haife ta ba. Muddin muka auna ta da wannan mudu, to, za mu zubar da tsaba mai yawa muna tsammanin dusa ce.

Bari mu fara da gidan da aka yi wa waƙar, domin waƙar sarauta ba ta fahimtuwa sai an san gidan. Mai sarautar Tsafe 'Yandoto ake kiransa, sunan kuwa na wani tsohon birni ne da ke nan kusa. 'Yandoto ta dā gari ne na malamai da fatake a kudu maso yammacin ƙasar Katsina, yankin da ake kira Katsina Laka. Labarin baka ya ce daga can Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya hau gadon Katsina. Almajirai sun yi shekaru aru-aru suna zuwa can neman ilmi kafin jihadi. Da jihadi ya zo sai kan malaman garin ya rabu, wasu suka bi Shehu Usmanu, wasu suka ƙi, har wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi magana a kan waɗannan malamai cikin littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, kuma ya cancanci kowane ɗalibi daga wannan yanki ya nema ya karanta. Bayan wannan ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Gusau, ko da yake wanda ya dubi taswirar jihohi zai yi mamakin abin da ya kawo Katsina cikin Zamfara.

Saboda haka, idan makaɗi ya tsaya a ƙofar fadar Tsafe ya ɗora waƙarsa bisa amshi mai maganar shirin faɗa da ƙin yarda da raini, a zamanin da babu sauran yaƙin kibiya da mashi, kada mu ɗauka cika bakin maroƙa ne kawai. Yana taɓo wani tsohon miki ne, tare da wani tsohon alfahari na mutanen da aka ci birninsu amma ba su saki sunansa ba. Makaɗin fada ba ya bukatar littafi kafin ya san wannan, fadawa da tsofaffin gida su ne littafinsa. Sa'an nan kuma faɗa bai ƙare ba don an ajiye mashi, kama kawai ya sake. Akwai na 'yan'uwan sarki masu jiran gado, wanda shi ne abincin zambo a kusan kowace waƙar fada. Akwai kuma na zamani. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya ƙara rage wa sarakuna da hakimai iko. Basaraken da ya ga waɗannan abubuwa suna zamewa daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya, idan aka tsaya gaban jama'arsa aka ce ba ya ɗaukar raini, ya san abin da kunnensa ya ji, su ma jama'ar sun sani.

Shi kuwa Ɗanƙwairo gadon kiɗa ya yi. An haife shi a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, wansa Abdu Kurna ma makaɗi ne, kuma a bayansu ya yi amshi shekaru masu yawa kafin ya zama jagora. Wannan yana da muhimmanci ga abin da za mu faɗa gaba, domin mutumin da ya tashi yana amshi ya san waƙa ta ciki, ya san inda ake ɗinke ta da inda ake farke ta. Gidansu na Maradun ne, kayan kiɗansu kotso. Sunansa ya game Arewa ne ta dalilin waƙar da ya yi wa Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda shi ma ba baƙon wannan yanki ba ne, tun da a Gusau aka ajiye shi daga 1938 yana kula da gundumomin gabas. Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, Ɗanƙwairo ya ci gaba da yi wa manyan sarakuna waƙa, irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero, har ya rasu a 1991. Duk da haka, idan aka ce a lissafa waƙoƙinsa da suka fi zama a bakin mutane, da wuya a kai uku ba a ambaci ta 'Yandoton Tsafe ba. Ku dubi wannan da kyau: a wancan lokaci Tsafe gunduma ce a ƙarƙashin Sakkwato, amma waƙar mai ita ta yi kafaɗa da ta sarakunan yanka. Wannan ƙasa ce da ta san kiɗa. A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ga Sa'idu Faru a ƙasar Maradun, ga Narambaɗa can wajen Isa. Makaɗin da zai buɗe baki gaban mutanen da suka saba jin waɗannan, dole ya zo da shirinsa.

Yanzu mu shiga cikin ginin waƙar, domin a nan amsar gardamarmu take. Malamanmu na adabi, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau wanda ya kashe rayuwarsa wajen tattara waƙoƙin baka da tarihin masu su, sun koya mana cewa waƙar fada tana da gindi, watau amshi, sa'an nan tana da ɗiya. Amshi shi ne turken da ake komawa gare shi, shi ba ya motsi, kuma da shi ake gane waƙa. Ɗiya kuwa kowane yana tsaye da ƙafarsa. Wannan ya yabi asalin sarki, wancan ya zuga shi, wani ya yi wa ɗan sarki zambo ba tare da kama suna ba, wani ya gode wa bafaden da ya ba da riga, wani kuma makaɗin ya wasa kansa. Da yake ba labari ne suke bayarwa ba, wanda sai an faɗi farkonsa za a gane ƙarshensa, ana iya ɗauko na biyar a sa shi farko, a jefar da na bakwai, a ƙaro sabo a tsakiya, waƙar ba ta rushe ba. Kamar gidan Bahaushe ne: zaure yana nan inda yake, amma ɗakunan ciki ana ƙarawa ana rushewa gwargwadon yadda iyali suka yi yawa ko suka ragu, kuma ba wanda zai ce gidan ya zama na wani.

A ƙungiyar Ɗanƙwairo akwai wani abu da ya ƙara wa wannan armashi. 'Yan amshinsa ba jira suke ya gama ɗa su maimaita amshi kawai ba. Yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su rabu kashi biyu suna miƙa wa juna, shi kuma yana gefe yana jiran inda zai sake shigowa. Duk wanda ya taɓa gwada yin haka da abokansa ko da wasa, ya san ba a yinsa sai an sha zama tare an yi ta bita. Watau ke nan ɗiyan waƙar ajiye suke a kawunan mutane da yawa, jagora shi ke zaɓar wanda za a fito da shi. Da ya furta kalma biyu na farko, yaransa sun san inda ya dosa. Abin da ke sa ya zaɓi wannan ya bar wancan kuwa shi ne abin da idonsa ya gani a wurin a wannan sa'a.

Ku kawo a ranku inda ake yin irin wannan waƙa. Akwai daren Juma'a a ƙofar fada, inda mutane kaɗan ne, kuma duk 'yan gida ne waɗanda suka san wanda ake nufi da kowane zambo. A nan makaɗi yakan saki jiki, ya daɗe a kan habaici, ana dariya ƙasa-ƙasa. Akwai ranar hawan salla, inda sarki yake bisa doki yana tafiya, makaɗa suna biye cikin ƙura da ƙarar bindiga da guɗa. A nan amshi da zuga ne suka fi yawa, domin dogon ɗa mai lauje cikin naɗi ba wanda zai ji shi. Akwai ranar da aka yi babban baƙo, inda dole a ƙirƙiro masa wuri a cikin waƙar, a kuma ɓoye abin da bai kamata baƙo ya ji ba. Idan kuwa wanda aka saba yi wa zambo ya shirya da sarki, ko Allah ya yi masa rasuwa, to, ɗan da aka yi dominsa yakan kwanta, wani lokaci har abada. Idan wani attajiri ya miƙo kyauta ana tsakiyar kiɗa, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa, nan take sunansa ya shiga, gobe kuma idan ba ya nan ba lalle a ambace shi ba. Waƙar da aka yi ta yi shekara da shekaru cikin irin waɗannan wurare, ta yaya za a ce tana da kama guda?

Sai na'ura ta zo. A nan ne ya kamata mu yi hattara, domin bambancin da muke ji tsakanin wannan kwafi da wancan iri biyu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai wanda makaɗi ya yi da kansa, wanda muka gama bayaninsa. Akwai kuma wanda na'ura da masu ita suka yi. Tsohon faifan garmaho minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, saboda haka makaɗin da aka kai gabansa dole ya matse abin da ya saba yi cikin rabin sa'a. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki makaɗa da yawa a kan babban tef, kuma ba ƙaramin alheri ya yi mana ba, sai dai mai gabatar da shiri yana da lokacinsa, idan labarai suka gabato dole ya rage murya ya rufe. Wanda ya ɗauka daga akwatin rediyonsa a gida, daga inda aka rufe nan waƙarsa ta ƙare. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963 ya kuma cika ƙasar nan a shekarun 1970, yana ɗaukar minti 30 ko 45 a gefe guda. Mai shagon kaset a kasuwa yana son ya cusa waƙa uku a gefe, sai ya datse wutsiyar ta ƙarshe. Daga wannan kaset aka kwafi wani, daga shi aka kwafi wani, kowane kwafi yana ƙara shuu yana rage kaifin kotso. Idan batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, muryar dattijo takan fito siririya da sauri kamar ta yaro. A ƙarshe masu tura waƙoƙi a waya suka gaji wannan tarkace gaba ɗaya, suka zuba a kwamfuta, suka raɗa wa kowane sunan da suka ga dama. Abin da abokanmu biyu suke gardama a kai, mai yiwuwa ne ma ɗauka guda ce wadda almakashi biyu dabam suka taɓa.

To, yaya za a rarrabe? Ba sai da kayan aiki masu tsada ba, kunne da haƙuri sun isa a fara. A saurari ƙarshe: waƙar da makaɗi ya rufe da kansa takan dawo kan amshi, kiɗa ya sauka tare, wadda aka yanke kuwa takan mutu ne a tsakiyar magana ko ta dushe a hankali. A saurari bayan murya: in akwai hayaniya da guɗa da haniniyar doki, a fili aka yi ta, in kuwa shiru ne tsit, ɗakin ɗauka ne. A rubuta sunayen da aka ambata da saraututtukansu, domin mutumin da aka kira da sunansa kawai a wannan ɗauka, aka kira shi Alhaji ko aka haɗa masa sarauta a waccan, ya riga ya gaya mana wadda ta riga wata. Kuɗi ma shaida ne. Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, saboda haka duk ɗaukar da aka yi godiyar naira a cikinta ba ta riga wannan rana ba. Sai dai kada a juya maganar, domin iyayenmu sun daɗe suna kiran naira biyu fam bayan canjin, jin fam kaɗai ba ya tabbatar da tsufa. Haka sunan jiha: daga 1967 zuwa 1976 Jihar Arewa maso Yamma ake cewa, daga nan Jihar Sakkwato. Zamfara kuwa sai a 1996 ta zama jiha, shekara biyar bayan rasuwarsa, don haka duk muryar da kuka ji tana yi wa Jihar Zamfara kirari ta magadansa ce, ko da an rubuta sunansa a kai.

Wataƙila wani a cikinku yana cewa a ransa, wannan wahala duk a kan waƙa guda? Bari mu leƙa waje kaɗan mu ga yadda wasu suka ɗauki nasu. A Amurka akwai wata ƙungiyar masu kiɗan rok, watau kiɗan jita mai lantarki da ganguna, da ake kira Grateful Dead. Suna da wata waƙa mai suna Dark Star. Da suka fitar da ita a ƙaramin faifai a 1968 ba ta cika minti uku ba. Shekara guda bayan haka suka fitar da wadda aka ɗauka a gaban jama'a, ta haura minti 20, kuma a wasu darare takan fi haka nesa. Masoyansu ba su tsaya gardamar wace ce ta ainihi ba. Sai suka riƙa shiga wurin wasa da rikoda, suna ɗauka, suna rubuta rana da gari da zauren da aka yi a bayan kowane kaset, suna musaya ta gidan waya. Ƙungiyar ba ta hana ba, a 1984 ma ta keɓe musu wurin tsayawa. Yau dubban waɗannan ɗauke-ɗauke suna ajiye a intanet, mutum yana iya bin waƙa guda dare bayan dare ya ji yadda ta girma ta tsufa. Haka kuma Bob Dylan ya fitar da All Along the Watchtower a ƙarshen 1967 cikin sanyin murya, Jimi Hendrix ya ɗauke ta a 1968 ya hura mata wutar jita, har shi mai waƙar da ya tashi yin ta a gaban jama'a daga baya ya karkata ga salon Hendrix, kuma ya yi ta fiye da sau dubu biyu. Ba mu kawo waɗannan don mu ce sun fi mu kiɗa ba, mu dai kotso ya fi ratsa mu. Abin da suka fi mu shi ne rubuta kwanan wata a bayan kaset.

A nan gida ma makaɗa sun san na'ura tana daskarar da waƙa. An san Fela da cewa yakan yi ta kaɗa sabuwar waƙa a gidan wasansa na Legas wata da watanni, amma da zarar ta shiga faifai ya daina yin ta a fili, komai roƙon masu kallo. Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, ta wata hanyar ya bi. Bakandamiyarsa ba ta taɓa rufuwa ba, ya yi ta yin ta tsawon rayuwarsa yana zuba mata abin da ya gani da inda ya je, har ya zamana masu sha'awarsa ba sa cewa Bakandamiya kawai, sai sun ƙara da cewa ta wuri kaza ko ta lokaci kaza. Ga Shata mun yarda da haka ba gardama. Abin mamaki, da aka zo kan makaɗan fada sai muka koma neman kwafi guda mu naɗa masa rawani.

Laifin wannan, in za mu faɗi gaskiya, har da mu ɗalibai a ciki. Idan aka ba mu aikin nazari, sai mu ɗauko duk kwafin da ya fi kusa da hannu, mu rubuce shi a takarda, mu sa wa ɗiyan lamba ɗaya, biyu, uku, sa'an nan mu yi ta sharhi a kan hikimar da ta sa makaɗi ya fara da wannan ya rufe da wancan. Alhali mai yiwuwa ne wanda ya rufe waƙar a nan wani yaron shago ne da kaset ya ƙare masa. Na bayanmu su zo su kwafa daga kundinmu, shi ke nan ragaggen kwafi ya zama nassi. Da mun rubuta a shafin farko cewa ga inda muka samo wannan ɗauka, ga tsawonta, ga alamun da suka nuna inda aka yi ta, da mun rage wa na baya aiki, mun kuma rage wa kanmu kunya.

Akwai kuma 'ya'ya da jikokin Ɗanƙwairo da suka ci gaba da kiɗa bayansa, suna yin waƙoƙinsa a wuraren biki da naɗin sarauta. Wasu daga cikinmu sukan taɓe baki su ce ai ba kamar ta tsohon ba. Lalle murya ba ta gaduwa dukanta. Amma a kawunan waɗannan mutane, musamman dattawan da suka tsaya a bayansa suka yi masa amshi, akwai ɗiyan da na'ura ba ta taɓa kamawa ba, domin an yi su ne ranar da babu mai rikoda a wurin. Ɗan waƙar nan da abokinmu ya rantse ya sani tun yana yaro, in ba a samu kaset ɗin mahaifinsa ba, wurin da ya rage a neme shi ke nan. Su kuwa waɗannan dattawa kullum raguwa suke yi.

Ba sai mun gaya muku halin da ƙasar Tsafe ta shiga ba tun da fitinar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Zamfara. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan sun san abin da ake ji a ciki idan mota ta baro Funtuwa ta doshi Gusau da la'asar. Wanda ya gudu da iyalinsa cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset, kuma ba mai hankalin da zai zarge shi. Wanda ma ke zaune lafiya a birni, zaren kaset ba ya jiran kowa: zafi yana manne shi, damina tana sa masa fumfuna, rikodar da za a juya shi kuma ta zama abin nema a wurin masu gyara. Akwai wani wuri a cikin Infakul Maisuri inda Muhammadu Bello yake mayar wa Shehu Laminu na Barno martani a kan zargin cewa mutanensu suna wulakanta littattafai. Ya ba da labarin yadda bayan an ci wani gari ya ga iska tana watsa takardu cikin ƙasa, ya bi yana tsincewa har ya gaji, abin kuma ya ɓata masa rai. Wasu masana tarihi suna ganin 'Yandoto ce garin. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wancan yaƙi, abin da malaman 'Yandoto suka rubuta kaɗan ne ƙwarai ya iso gare mu, kuma shekara ɗari biyu ke nan ana cizon yatsa.

Abin da muke roƙo a wannan hutu mai zuwa ƙarami ne. Duk wanda gidansu ke Tsafe ko Gusau ko Bunguɗu ko Kwatarkwashi ko Maradun, ko kuma yake da kawu tsohon direba ko tsohon ma'aikacin En'e, ya tambaya ko akwai sauran kaset a ƙarƙashin gado. Idan an samu, kada a ce ai muna da wannan a waya. A karɓo shi da ladabi, a ɗauki hoton bayansa da duk abin da aka rubuta a kai, a tambayi mai shi inda ya saya ko inda ya ɗauka da shekarar da yake tsammani, ko da zai ce shekarar da aka yi fari ne ko shekarar da aka haifi wane. A juye shi gaba ɗaya, tun daga ƙarar maɓalli har zuwa inda zare ya ƙare, kada a yanke surutun da ke gaba ko hayaniyar da ke baya, domin sau da yawa a nan shaidar take. Sa'an nan a mayar wa dattijo kayansa. Yayyenmu da ke aiki a gidajen rediyo da ma'aikatun al'adu kuwa, ku ne kuka san ɗakunan da tsofaffin tef suke jibge da wanda ke riƙe da mabuɗinsu, muna fatan za ku buɗe mana ƙofa.

Mun ajiye littafi a bakin ƙofar wannan zaure. Wanda yake da wata ɗauka ta waƙar 'Yandoton Tsafe, ko a waya take, ya rubuta sunansa da tsawonta da inda ya samo ta kafin ya fita. Mutum uku na farko a shafin su ne abokan gardamar nan tamu, na ukun ya bar gurbin tsawo babu komai.